Darasi: Gyaran Tsohon Kabad da Yi Masa Jere da Kuɗi Kaɗan

Manufofin darasi

Idan mun kammala wannan darasi, ana son kowane ɗalibi ya iya:
1. Bambanta kabad ɗin da zai gyaru da wanda ya riga ya gama yayi, tun kafin ya biya kuɗi.
2. Lissafa abin da gyara zai ci, ya kwatanta shi da kuɗin sabo.
3. Bin matakan gyara da fenti ba tare da ya cutar da kansa ko yaran gida ba.
4. Yin jere mai kyau da kayan da ke cikin gida.

Wurin da ido ke fara sauka

A ƙasashen sanyi irin su Ingila, akan gina murhun ɗumama ɗaki a jikin bangon falo, a ɗora masa kanta a sama, a jera agogo da hotuna. Mu a Gombe ba mu da buƙatar wannan murhu, sanyin hunturunmu kaskon wuta da bargo sun ishe shi. Amma muna da namu wurin da baƙo ke fara kallo in ya shiga ɗaki, wato wurin jere. Kakanninmu ƙorai suke jerawa, sassaƙaƙƙu, da faya-fayai. Daga baya tasoshi da langa-langa suka shigo, sannan samira, sannan tangaran da kuloli da kofunan gilashi. Da kayan suka zama masu fashewa sai aka nema musu kabad mai gilashi.

AKWATIN MA'ANA
Jere: tsara kayan ɗaki, musamman kwanuka da tangaran, yadda za su ƙawata ɗaki.
Kabad: akwatin katako mai tsayi, mai kantoci da murafe, wanda ake jera kaya a ciki. Mai gilashi a gaba wasu kan ce masa shogilas.
Dillaliya: matar da ke karɓar kaya daga hannun masu su, ta sayar, a ba ta la'ada.

Kowa ya san abin da kayan ɗaki ke yi wa iyaye a yau. Akwai wanda ya sayar da gona, akwai wadda ta ci bashin da har aka yi sunan fari ba ta gama biya ba. Alhali tsofaffin kabad masu ƙwari suna nan jingine a zaurukan mutane. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin Gombe ya zama babban birninta, ma'aikata ke shigowa suna fita, ana canjin wurin aiki, ana tashi daga gidan haya zuwa wani. Duk mai tashi yana da abin da zai rabu da shi. Haka matan da suka sabunta kayan ɗaki, tsohon yakan faɗa hannun dillaliya. A unguwa kamar Bagadaza, in kun sanar da dillaliya biyu da kafinta ɗaya cewa kuna nema, da wuya a daɗe ba a kira ku ba.

Za a ce muku araha ba ta ado. Gaskiya ne idan an sayi ruɓaɓɓe. Amma tsohon kabad na madaci da aka gyara shi da kyau ya fi sabon allon gari mai ƙyalli daɗewa nesa ba kusa ba.

Dubawa kafin biya

Nan ne ake cin riba, nan ne kuma ake asara, don haka za mu daɗe a nan.

Kada ku duba kabad a cikin ɗaki mai duhu. Ku sa a fito da shi tsakar gida, ku zagaya bayansa. Gaba na mai sayarwa ne, ya goge shi ya shafa masa mai. Baya da ƙasa su ne ba a taɓawa.

Abu na farko, da me aka yi shi? Ku dubi bakin katakon a inda fenti bai kai ba.

AKWATIN MA'ANA
Katako zalla: wanda aka tsago daga itace, kamar madaci ko malaina. Ana ganin jijiyoyin itacen a jikinsa.
Filawud: siraran fallayen katako da aka manne su hawa-hawa. In an dubi bakinsa ana ganin layi-layi.
Allon gari: garin katako da aka kwaɓa da gam aka danne a inji, aka lulluɓe shi da leda mai sheƙi. Kafintoci na ce masa MDF.

Katako zalla yana gyaruwa ko ya shekara talatin. Filawud ma yana gyaruwa, in wani ɓangare ya ɗaye a cire a sa sabo. Allon gari kuwa, da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma ba ya komawa. Ƙusa ba ta kama shi, sukuru ma sai ya riƙa juyawa a banza. In kun ga ƙasan kabad na allon gari ya kumbura yana marmashewa, ku yi sallama ku tafi, ko da kyauta aka ba ku.

Abu na biyu, gara da ƙwaro. Ku ƙwanƙwasa ƙafafu da gefuna da bayan yatsa. Lafiyayyen katako yana ba da amo mai nauyi. Wanda gara ta cinye cikinsa kuwa sai ku ji shi fanko. Gara takan ci ciki ta bar fatar waje, har da fentinta, shi ya sa ido kaɗai ba ya isa. Ku ɗauki makulli ko ƙusa ku danna a ƙasan ƙafa. In ya nutse, ƙafar ta tafi. Ku kuma duba ko akwai 'yan ƙananan huji da gari mai laushi yana zuba daga cikinsu. Wannan ƙwaron katako ne, kuma yana nan da ransa. Ƙafa ɗaya ko biyu kafinta zai iya canjawa. In ɓarnar ta hau har ginshiƙan gefe, ba sauran magana.

Abu na uku, kuɗin cizo. Ku zaro durowa gaba ɗaya, ku haska tocila a lungunan da katako ya haɗu da katako. Ɗige-ɗigen baƙi da ɓawon ƙwari su ne shaida. Wannan ba ya hana saye, amma kabad ɗin ba zai kwana a ɗaki ba sai an gama da su.

Daga nan ku riƙe shi ta sama ku ɗan girgiza. In ya yi rawa, mahaɗa ce ta saki, gam da sukuru za su gyara. Fasasshen gilashi, karyayyen mariƙi, fentin da ya koɗe, duk ƙananan abubuwa ne. Su ne ma hujjarku ta neman ragi.

Wani abu da mutane ke mantawa: awon ƙofa. Kafin ku fita daga gida, ku auna faɗi da tsayin ƙofar ɗakin da ta zaure, ko da igiya ce ku ƙulla mata alama. An sha sauke kabad a ƙofar gida ya ƙi shiga.

Misali na ɗaya: lissafin kuɗi

Wata uwargida a Bagadaza tana haɗa wa 'yarta kayan ɗaki. Dillaliya ta nuna mata kabad na madaci mai murafen gilashi. Bayansa na filawud ya ruɓe, hinji biyu sun karye, sauran jikin lafiya lau. Kuɗin da ke ƙasa na koyon lissafi ne. Kowa ya tambayi farashin ranar da zai saya a Kasuwar Katako ko Tsohuwar Kasuwa.

Kabad: ₦25,000
Dako: ₦2,000
Samfefa: ₦1,500
Gam: ₦2,000
Hinji da sukuru: ₦2,500
Filawud na baya: ₦6,000
Fenti lita 2: ₦12,000
Tina: ₦2,500
Burushi: ₦1,500
Ladan kafinta: ₦5,000
Jimla: ₦60,000

A ce sabo mai wannan girma ₦150,000 ne. Ta rage ₦90,000 ke nan. Ku lura da abu guda: kuɗin dako da gyara, ₦35,000, ya fi kuɗin kabad ɗin kansa. Wanda ya kalli ₦25,000 kaɗai ya ce ya yi tsintuwa, zai tsaya a tsakiyar aiki aljihu ba komai. Shawarata ita ce, in jimlar saye da gyara ta haura kashi biyu cikin uku na kuɗin sabo mai irin wannan katako, a haƙura a nemi wani.

Wanki da korar ƙwari

A kwance duk abin da ke kwantuwa: murafe, durowa, kantoci, gilashi. Sukurori a zuba su a gwangwani ɗaya, gilashi a jingine shi inda yara ba sa bi. A goge jikin da tsumma da ruwan sabulu, tsumman a matse, kada a yi wa katako wanka. Maiƙon girki da hayaƙin turare da suka daɗe a jiki su ne ke hana fenti kamawa.

Kuɗin cizo zafi ke kashe shi. A zuba tafasasshen ruwa kaɗan-kaɗan a mahaɗar katako zalla, a shanya a rana, a maimaita bayan mako guda domin ƙwai da suka tsira. Ranar Maris da Afrilu a Gombe tana taimakawa ƙwarai, sai dai a riƙa juya kabad ɗin don kada gefe ɗaya ya tsage. Filawud ba ya son ruwan zafi, shi a bar shi da rana da burushi.

Ina roƙonku kada ku zuba fiya-fiya a kabad ɗin da za a sa kwanukan abinci. Maganin gona ne, ba na ɗaki ba, kuma saboda yawan rayukan da ya ci ne hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da irinsa a kasuwanni a shekarar 2019. Haka baƙin man mota da wasu ke shafa wa katako saboda gara: ya yi wa dirkar rumfa, bai yi wa kayan ɗaki ba, don yana wari, yana ɓata tufafi, fenti kuma ba ya zama a kansa. Akwai maganin katako da ake sayarwa a shagunan kayan gini, irin su Solignum. A shafa shi a ƙafafu da baya kawai, a waje, a bari ya bushe sarai.

Ɗaure mahaɗa da cike rami

Mahaɗar da ta saki, a kankare tsohon gam, a shafa sabo, a haɗa. In ba ku da abin matsewa irin na kafinta, tsohuwar robar cikin taya ta isa: a yanka ta tsiri-tsiri a ɗaure tamau, a bar shi ya kwana. Ƙananan ramuka da tsaga kuwa, a roƙi garin katako mai laushi a wurin kafinta, a kwaɓa da farin gam ya yi kauri, a cusa, a bari ya bushe. In ramin sukuru ya buɗe, a cusa tsinken ashana biyu ko uku da gam, a karye kan, sannan a mayar da sukurun. Zai kama kamar sabo.

Canjin ƙafa da sa sabon baya aikin kafinta ne, ku biya shi ya yi.

Ga wani abu game da yanayinmu. Katako yana shan laima da damina ya kumbura, da hunturu kuma ya bushe ya tsuke. Shi ya sa murfin kabad ke cijewa a watan Agusta, a Janairu kuma ya rufu salin-alin. In kuna gyara da damina, kada ku bari a fere bakin murfi da yawa, in ba haka ba iskar hunturu na kaɗawa za ku ga kafa ta buɗe, ƙura na shiga kan tangaran.

Guga da samfefa, da maganar dalma

AKWATIN MA'ANA
Samfefa: takarda mai kaushi da ake goge katako da ita. Lambar da ke bayanta na nuna kaushinta. Ƙaramar lamba ta fi kaushi.
Andakot: fentin farko da ake shafawa don katako ya sha, fenti na biyu ya samu wurin kamawa.
Tina: ruwan da ake tsinka fenti mai mai da shi. Yana kama wuta nan da nan.

A fara da lamba 80 inda fenti ya ɗaɗɗaye, a bi da 120, a gama da 180 ko 220. A naɗe samfefar a jikin guntun katako don gugar ta yi daidai, a riƙa bin tsawon jijiyar itace, kada a gitta ta. Ba dole ne a cire tsohon fenti duka ba. Wanda ya kama da kyau, a kashe masa sheƙi kawai. Ku shafa da tafin hannu ido a rufe. Inda hannu ya ji tudu, fenti ma zai nuna shi.

Yanzu ku saurara da kyau. Tsofaffin fentin mai da yawa suna ɗauke da dalma, musamman ja da rawaya da kore. Dalma guba ce, kuma yara ƙanana ta fi yi wa illa: tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, in ta yi yawa ta kashe. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Waccan daga ƙurar duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje ta fito, ba daga fenti ba, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce: ƙura ta sauka a ƙasa, yaro ya yi rarrafe, ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da za a ce ba shi da illa.

Saboda haka guga a waje ake yin ta, nesa da madafa da randa. A yayyafa wa wurin da za a goge ruwa don kada ƙura ta tashi. A shimfiɗa buhu ko leda a ƙasa, in an gama a naɗe da dattin a zubar inda yara da kaji ba sa tono. Mai guga ya sa takunkumi, ya wanke hannu kafin cin abinci, ya cire kayan aikin kafin ya ɗauki yaro. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta bar wa wani wannan mataki. Kada kuma a ƙona tsohon fenti da wuta don a ɓamɓare shi.

Fenti ko banish

In kun goge kuka tarar da madaci ja mai kyawun jijiya, ni dai ina ganin asara ce a rufe shi da fenti. A shafa masa banish, wato man da ke sa katako sheƙi ba tare da ya ɓoye launinsa ba. Fenti na wanda ya sha faci ne, ko wanda aka haɗa shi da katako iri-iri.

A shafa andakot, a bari ya kwana, a ɗan bi shi da samfefa mai laushi, sannan fenti mai mai shafi biyu, kwana guda tsakaninsu. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, domin mai kauri yana zubar da hawaye, ya bushe a sama ciki na danƙo. Fentin ruwa na bango ba na katako ba ne. Da hunturu a yi fenti da sassafe kafin iska ta taso, a rumfa ko zaure mai shan iska, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Da damina a ƙara masa lokacin bushewa. Kada a hura wuta ko a kunna ashana kusa da tina.

Misali na biyu: fenti nawa za a saya?

Kabad mai tsayin ƙafa 6, faɗin ƙafa 4, zurfin ƙafa 1½.
Gefe biyu: 6 × 1½ × 2 = 18
Sama: 4 × 1½ = 6
Gaba, an cire rabi saboda gilashi: 12
Bangon ciki: 6 × 4 = 24
Kantoci uku: 4 × 1½ × 3 = 18
Jimla: murabba'in ƙafa 78.

Lita ɗaya takan rufe kimanin murabba'in ƙafa 100 a shafi ɗaya. Shafi biyu 156 ke nan, don haka lita 2 ta isa har da ragowa. Ba sai an sayi galan ba. In kuma za a yi andakot, a ƙara lita ɗaya tasa a lissafi.

Kafawa da jere

A bar kabad ya yi mako guda kafin a ɗora masa kaya, ko da ya bushe a hannu. In za a kafa shi, a bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da bango, a ɗora ƙafafunsa a kan gutsattsarin tayil, don laima da gara. A riƙa share ƙarƙashinsa duk mako, in an ga gara ta fara gina hanyarta ta ƙasa a rushe. A gidan da ke da yara, a sa kafinta ya ɗaure samansa da bango da ƙarfe ko waya mai ƙwari, domin yaro yakan buɗe durowa ya taka.

Kaya masu nauyi, kuloli da manyan samira, su ne a ƙasa. Tangaran da gilashi a tsakiya, daidai ido. Kantar sama ta Alƙur'ani ce ko Littafi Mai Tsarki da sauran littattafai. Manya a baya, ƙanana a gaba. Bangon ciki in an manna masa ragowar atamfa mai duhu, fararen faranti sai su fito fes. Ko a jingina faya-fayan kaba masu launi a bayansu.

Kafin ku je kasuwa, ku buɗe buhunan da ke ƙarƙashin gado. Tsohuwar tasa in ta sha toka da lemun tsami tana dawo da haskenta. Langar da aka gada wurin kaka, da ƙwarya mai zane irin ta Fulani da Tera, ba abin ɓoyewa ba ne, kuma a yau ba kowane ɗaki ke da su ba. 'Yan jere sukan so a cika kowace kanta maƙil don kada dangin miji su ce wani abu. Na fahimci wannan tsoro, amma kanta mai kaya bakwai da sarari tsakaninsu ta fi mai ashirin kyan gani, ta fi sauƙin gogewa da hunturu, katakon kuma ba ya lanƙwasa. Kaskon turaren wuta kada a ɗora shi a kan kabad ko a cikinsa.

Tambayoyin bita

1. Ta yaya za ku bambanta katako zalla da filawud da allon gari?
2. Faɗi hanyoyi biyu na gane ko gara ta ci kabad.
3. Me ya sa ba a zuba fiya-fiya ko baƙin mai a kabad ɗin kwanuka?
4. An sayi kabad ₦30,000, gyara ya ci ₦42,000, sabo irinsa kuma ₦96,000 ne. Nawa ne jimla? Ta haura kashi biyu cikin uku na kuɗin sabo ko ba ta haura ba?
5. Me ya sa ake yayyafa ruwa kafin a goge tsohon fenti? Su wa ya kamata su nisanci wurin?
6. Me ke sa murfin kabad cijewa da damina?
7. Kabad mai murabba'in ƙafa 140, lita nawa zai sha a shafi biyu?
8. Aikin gida: ku auna ƙofar ɗakinku, ku tambayo farashin samfefa da gam da litar fenti a shago biyu, ku rubuto su don mu kwatanta a aji na gaba.